Wa Ya Jagoranci Yaƙin Seminole? Yadda Tarihi Ya Ɗauki Mutum Ɗaya Ya Bar Saura

Yaƙin da Amurka ta gwabza da mutanen Seminole a Florida, wanda littattafai ke kira na biyu, ya ɓarke a Disambar 1835, bai lafa ba sai a Agustan 1842. Shekara bakwai ke nan ba kaɗan. Duk wanda ya taɓa jin labarin, sunan da ya fara sani shi ne Osceola. Hotonsa ne a bangon littattafai, sunansa aka raɗa wa garuruwa da gundumomi a jihohi daban-daban na Amurka. To amma an kama Osceola ranar 21 ga Oktoban 1837, ya rasu a tsare ranar 30 ga Janairun 1838. Ko shekara biyu yaƙin bai cika ba aka raba shi da fagen fama. Sauran shekara biyar ɗin fa? Wa ya riƙe jama'a, wa yake cewa yau a tsaya gobe a kauce, wa ya hana ɗaruruwan mutane shiga jirgin da zai kwashe su yamma? Wannan tambaya ce ta sa masana tarihi suka koma suna sake duba abin da magabatansu suka rubuta, kuma ni a ganina amsarta ta fi labarin Osceola nauyi.

Seminole al'umma ce da ta haɗu daga baya. A ƙarni na 18 rukunonin mutanen Creek suka riƙa gangarowa daga Jojiya da Alabama zuwa Florida, wadda a mafi yawan ƙarnin take hannun Sifen, suka kafa garuruwa, suka yi kiwon shanu, suka gauraya da ragowar 'yan asalin wurin. Wasu na magana da harshen Mikasuki, wasu na Muskogi. Bayan yaƙin Creek na 1813 zuwa 1814 wani sabon ayari na waɗanda aka ci da yaƙi ya biyo baya, kuma a cikinsa Osceola ya zo yana yaro tare da mahaifiyarsa. Ga kuma bayi baƙar fata da ke tserewa daga gandayen Turawa, su kafa ƙauyukansu kusa da na Seminole, su riƙa ba shugaban gari wani kaso na amfanin gona, su riƙe bindigoginsu. Wannan mafaka ita ce ta hana masu bayi barci. Ita ta sa aka tarwatsa sansanin baƙaƙe da ke bakin kogin Apalachicola a 1816, ita ta kawo Janar Andrew Jackson na Amurka da rundunarsa cikin ƙasar Sifen a 1818. Florida ta koma hannun Amurka a 1821, aka tura Seminole tsakiyar ƙasar da yarjejeniyar Moultrie Creek a 1823, sannan dokar kwashe 'yan asalin ƙasa ta 1830 ta ce su tattara su koma hayin kogin Mississippi.

A irin wannan al'umma babu sarki guda mai cewa a yi a yi. Kowane gari da shugabansa, kowace zuri'a da dattawanta, kuma ta wajen uwa ake bin dangi: ɗa na zuri'ar mahaifiyarsa ne, kawu ke da ta cewa a kansa, sarauta kan bi ta ɗan 'yar'uwa. Shugaban zaman lafiya daban, jagoran yaƙi daban, mai magana da yawun shugaba daban, ga kuma masu riƙe da magani da asirin al'umma, waɗanda ke jagorantar bikin sabuwar masara na shekara-shekara, inda ake yanke hukunci a sasanta rigingimu. Babbar magana majalisa ke yanke ta. Micanopy, wanda Amurkawa suka ɗauka a matsayin babban sarki, ya gaji matsayinsa ne daga gidan sarautar Alachua, ana girmama shi, amma ba shi da ikon tilasta wa mutanen Mikasuki komai.

Gwamnatin Amurka ba ta son wannan tsari, domin mai neman a sa masa hannu a takarda yana bukatar mutum ɗaya da zai kama. A Payne's Landing a 1832 aka ƙulla yarjejeniyar ƙaura, ba a kuma ajiye rubutaccen bayanin abin da aka tattauna ba. Aka aika wakilai bakwai su je su ga ƙasar da za a ba su a yamma. Seminole sun fahimci cewa wakilan za su dawo su faɗa wa majalisa abin da suka gani, ita ta yanke. Sai ga shi a 1833, tun suna can Fort Gibson, an sa su sun sa hannu cewa ƙasa ta yi. Da suka dawo gida mafi yawansu suka ce matsa musu aka yi, kuma ko ba haka ba, ba su da hurumin ɗaure al'umma. A Afrilun 1835 wakilin gwamnati Wiley Thompson ya fusata, ya soke sunayen shugabanni biyar daga jerin waɗanda ya yarda da su, har da Micanopy, sai ka ce shi ya naɗa su. Wannan ɗabi'a ta neman kai guda ta fara ne a ofishin wakilin gwamnati, daga nan ta shiga rahoton soja, ta shiga jarida, ta zarce littafin tarihi.

A duba ranar da yaƙin ya tashi, 28 ga Disambar 1835. Manjo Francis Dade na tafe da sojoji kimanin 110 da igwa ɗaya daga Fort Brooke zuwa Fort King. Mayaƙa suka yi musu kwanton ɓauna cikin dogayen itatuwa da gajerun goriba. Harbin farko ya kayar da Dade, ruwan harsashin da ya biyo baya ya zubar da kusan rabin mutanensa. Waɗanda suka saura suka sare itatuwa suka yi shinge mai kusurwa uku, suka yi ta harbi har aka gama da su. Mutum uku kacal suka fita da rai. Wa ya jagoranci wannan? Micanopy da Jumper da Alligator. Alligator da bakinsa ya ba da labarin daga baya, ya ce su 180 ne, sun rasa mutum uku. Osceola ba ya wurin. Yana Fort King a ranar, inda ya harbe Thompson, mutumin da ya taɓa ɗaure shi da sarƙa watanni shida kafin nan. A gabashin Florida kuma, a cikin makonnin nan, mutanen wani shugaban Seminole mai suna King Philip da ɗansa Coacoochee tare da wani baƙar fata mai suna John Caesar ke bin gandayen rake suna ƙonawa, bayi ɗaruruwa na bin su. Hare-hare uku a wurare uku, ƙarƙashin mutane daban-daban, cikin lokaci guda. Wannan shiri ne na majalisa da ta daɗe tana tara albarushi tana shawara.

Ba ina rage wa Osceola daraja ba ne. Jarumi ne, mai kaifin baki, kuma da yake ba ɗan sarauta ba ne, da ƙwazonsa ya sami matsayinsa. Shi ya kashe wani shugaba, Charley Emathla, a Nuwambar 1835 saboda ya sayar da shanunsa yana shirin ƙaura, wanda hakan ya ja layi ga duk mai tunanin bin sahu. Ya yi faɗa a bakin kogin Withlacoochee a ranar ƙarshe ta shekarar. Amma abin da ya mai da shi gwarzon duniya shi ne yadda aka kama shi. Janar Thomas Jesup ya ba da umarni a cafke shi yana tsaye ƙarƙashin farar tuta ya zo tattaunawa kusa da St. Augustine. Cin amanar ya yi muni har Amurkawa da yawa suka ji kunya, jaridu suka yi ca a kan Jesup, ya ƙare rayuwarsa yana kare kansa. Aka kai Osceola Fort Moultrie a Karolina ta Kudu yana fama da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, masu zane suka yi layi. George Catlin ya zana shi da gashin jimina a rawani da ƙarafan azurfa a ƙirji, kwanaki kaɗan kafin ya cika. Bayan ya rasu likitan da ke duba shi, Frederick Weedon, ya yanke kansa ya tafi da shi. Saurayi kyakkyawa, an ci amanarsa, ya mutu a kurkuku: irin jarumin da mai nasara zai iya yi wa kuka ke nan ba tare da ya mayar da ko taƙi ɗaya na ƙasar da ya ƙwace ba.

Daga nan aka shiga yi wa labarin ado. Akwai wanda kowane ɗan makaranta a Florida ya sani, wai Osceola ya zaro wuƙa ya caka wa takardar yarjejeniya. Waɗanda suka bi takardun zamanin ba su sami shaidar gani da ido da za ta tabbatar da haka ba. Akwai kuma labarin cewa an kama matarsa, 'yar wata baiwa, an mai da ita bauta, shi ya sa ya ɗauki makami. Masu yaƙi da bauta a arewacin Amurka ne suka yayata wannan, domin ya dace da gwagwarmayarsu, amma Patricia Wickman, wadda ta yi bincike mai zurfi kan rayuwarsa da kayan da ya bari, ba ta ga madogararsa ba. Duka labaran biyu abu ɗaya suke yi: suna mai da yaƙin al'umma kan ƙasa da 'yanci ya zama fushin mutum ɗaya.

Yanzu ga wanda aka bari a baya. Sunansa Abiaka, sojoji na ce masa Sam Jones. Dattijo ne tun kafin a fara yaƙin, ɗan Mikasuki, mai riƙe da magani. Kafin rikici ya tashi yakan kawo kifi ya sayar wa sojoji a Fort King, suna kallonsa a matsayin tsoho masunci marar lahani, shi kuwa yana ƙirga bindigoginsu. A Maris ɗin 1837 wasu shugabanni suka amince da ƙaura, mutane suka taru kusa da Tampa suna jiran jirgi, Jesup har ya sanar da cewa yaƙi ya ƙare. Daren 2 ga Yuni Abiaka da Osceola suka shigo da mayaƙa, gari na wayewa babu kowa a zangon: mutum kimanin 700 sun ɓace cikin kurmi. Littattafai da dama Osceola kaɗai suke ba wannan aiki.

Wata biyu bayan kama Osceola aka yi gumurzu mafi girma na yaƙin, a bakin tafkin Okeechobee, ranar Kirsimeti ta 1837. Kanar Zachary Taylor ya zo da mutum kimanin 1,000, Seminole kuwa kimanin 400 ne. Su suka zaɓi filin. Suka laɓe a wani tudun kurmi, tafki a bayansu, fadama a gabansu mai laka da ruwa har cinya da ciyawa mai yanka fata. Suka yanke ciyawar don su riƙa hango mai zuwa, suka sassaƙa gurbi a jikin itatuwa inda za su ɗora bakin bindiga. Taylor ya tura 'yan sa-kai na Missouri gaba, aka harbe kwamandansu Richard Gentry. Runduna ta shida ta biyo, aka bi hafsoshinta ɗaya bayan ɗaya. Amurka ta rasa mutum 26, an raunata 112. Seminole sun rasa 11, suka janye bayan iyalansu sun yi nisa, wanda shi ne maƙasudin tsayuwar tun farko. Abiaka da Alligator da Coacoochee ne suka tsara wannan, shi Coacoochee bai fi wata guda da tserewa daga kurkukun Fort Marion ta wata 'yar taga ba. Taylor ya rubuta cewa ya yi nasara, aka ƙara masa girma, sunan da ya fara yi a nan na cikin abin da ya kai shi fadar shugaban ƙasa a 1849.

Me ya sa Abiaka bai yi suna ba? Saboda dabarar da ta tsirar da shi ita ce ta ɓoye shi daga masu rubutu. Ya ga abin da farar tuta ta jawo wa Osceola da Micanopy, wanda shi ma a haka aka kama shi, don haka ba ya yarda ya kai kansa hannu. In an kira taro sai ya aika wakili, kamar yadda ya yi a sulhun Janar Macomb na 1839. Ba a taɓa kama shi ba, mai zane bai zaunar da shi a kurkuku ba, ba a yi masa tambayoyi an rubuta ba. Ya kutsa da mutanensa cikin dausayin Everglades da Big Cypress, inda kwale-kwale kaɗai ke shiga. Aka kawo karnukan farauta daga Kyuba a 1840, ba su tsinana komai ba. Aka gama yaƙin 1842 yana nan. Aka yi na 1855 zuwa 1858, wanda ya tashi bayan sojoji masu awon ƙasa sun lalata gonar ayabar shugaba Billy Bowlegs, shi Bowlegs ya gaji ya hau jirgi a Mayun 1858, Abiaka yana nan. A Florida ya mutu da tsufansa bayan yaƙin basasar Amurka. Mutum kimanin 200 da suka rage su ne kakannin Seminole da Miccosukee na Florida a yau, kuma a wurinsu Abiaka ne tushe. Gidan tarihin da suka buɗe a Big Cypress a 1997 yana kusa da inda aka ce an binne shi.

Matsalar tana cikin tushen bayanan. Littafin da kowa ke komawa gare shi John Sprague ne ya wallafa a 1848, hafsan soja da ya yi aiki da Kanar William Worth, wanda ya rufe yaƙin. Sprague ya yi abin kirki da ya ajiye maganganun Alligator da Coacoochee, ba don shi ba da ba mu ji muryarsu ba. Amma a tuna yadda maganar ta iso takarda: wanda aka ci da yaƙi yana magana gaban wanda ke tsare da shi, tafinta ya juya ta, hafsa ya rubuta da salon da masu karatu a New York za su so. John Mahon, wanda littafinsa na 1967 ya zama madogara, masani ne mai adalci, sai dai ginshiƙinsa rahotannin janarori ne, don haka labarin ke tafiya daga kwamanda zuwa kwamanda: Clinch, Gaines, Scott, Call, Jesup, Taylor, Armistead, Worth. Mun san sojoji wajen 1,500 sun mutu, akasarinsu cuta ce ta kashe su, mun san an kashe dala miliyan 20 ko fiye. Na ɓangaren Seminole, yara da tsofaffin da yunwa ta kashe bayan an ƙone gonaki, babu wanda ya yi musu rajista. Hatta rabon yaƙin gida uku, na farko da na biyu da na uku, lissafin Amurkawa ne. Seminole na Florida kan ce yaƙi ɗaya ne dogo na shekara arba'in, domin a tsakanin waɗancan shekarun ma ba a daina farautarsu ba.

Sai dai akwai tarkon da ya kamata a kauce wa, wato a sauke Osceola a ɗora Abiaka a kujerar da babu ita tun asali. Abiaka ma da majalisa yake aiki, kuma akwai rukunonin da ba sa jin maganarsa. Susan Miller, masaniyar tarihi 'yar Seminole, a littafinta na 2003 kan Coacoochee ta nuna cewa ba za a gane shawarwarinsa ba sai an san zuri'arsa da garinsa da abin da ya yi imani da shi. Ga kuma mata, waɗanda ta wajensu dangi ke tafiya, su ke noma a ɓoye cikin kurmi, su ke dakan saiwar wani tsiro mai suna kunti su fitar da garin da ya ciyar da mayaƙa. Rahoton soja ba ya ambatonsu sai a jerin kamammu. Ɗaya daga cikinsu, Emateloye, wadda ake kira Polly Parker, an sa ta a jirgin 1858, da aka tsaya a St. Marks ta nemi izinin sauka neman ganyen magani, ta tsere da wasu mata, ta keta daji da ƙafa ta koma kudancin Florida. Zuri'arta na cikin shugabannin al'ummar daga baya.

Inda gardama ta fi zafi shi ne matsayin baƙaƙen Seminole. Jesup ya rubuta a ƙarshen 1836 cewa wannan yaƙin baƙar fata ne, ba na Indiyawa ba, kuma in ba a kashe wutar da wuri ba za ta kama bayin kudu. Joshua Giddings, ɗan majalisa daga Ohio mai adawa da bauta, ya gina littafinsa na 1858 a kan haka, sannan Kenneth Porter ya shafe shekaru yana tono tarihin jagororinsu Abraham da John Horse. Gaskiya ce babba suka fito da ita. Abraham shi ne tafintan Micanopy kuma mashawarcinsa, har yarjejeniyar Payne's Landing ta ware masa dala 200, abin da ya sa wasu ke zarginsa, wasu ke ganin yana wasa da hankalin Turawa ne. Sulhun 1837 ya rushe ne bayan masu bayi sun matsa wa Jesup ya janye alkawarin cewa baƙaƙe za su tafi yamma tare da Seminole. Da ya gane inda ƙullin yake, sai ya yi wa duk baƙin da ya miƙa wuya alkawarin 'yanci, ya raba ƙawancen. A 1848 babban lauyan gwamnati ya ce alkawarin ba shi da ƙarfin doka, shi ya sa John Horse da Coacoochee suka ja mutanensu suka tsallaka Meziko, inda jikokinsu ke zaune har yau a Nacimiento.

Amma wasu marubuta sun zarce, suna nuna kamar baƙaƙe ne suka ja ragamar yaƙin gaba ɗaya, 'yan ƙasa na biye. Jesup yana da dalilinsa na faɗin abin da ya faɗa: yana neman jihohin kudu su tsorata su aiko masa da mayaƙa. Ɗaukar maganarsa ba tacewa komawa ne ga kuskuren farko, wato barin janar ya faɗa mana wane ne shugaba. Kuma bayan yawancin baƙaƙen sun fita daga fagen a 1838, yaƙin ya ƙara shekara huɗu. Abin da shaidu suka fi nunawa shi ne al'ummomi biyu da bukata ta haɗa, ɗaya na tsoron rasa ƙasa, ɗaya na tsoron komawa bauta, akwai auratayya da amana a tsakani, akwai kuma fifiko, domin wasu shugabannin Seminole na ɗaukar wasu baƙaƙen a matsayin mallakarsu.

Wannan gardama ta fita daga aji ta shiga kotu. Yarjejeniyar 1866 ta ba baƙaƙen Seminole cikakken matsayin 'yan al'umma a ƙasar da aka kai su a yamma, wadda yanzu ke cikin jihar Oklahoma. A 1976 aka yanke wa Seminole diyyar dala miliyan 16 kan ƙasar Florida da aka ƙwace, da aka zo rabo sai aka ce kuɗin na al'ummar ne kamar yadda take a 1823, aka ware jikokin baƙaƙen da hujjar cewa a wancan lokaci ba 'yan al'umma ba ne. A 2000 aka kaɗa ƙuri'ar da ta nemi fitar da yawancinsu daga rajista, gwamnatin tarayya ta ƙi amincewa da majalisar da aka kafa ba su, sai da aka mayar musu da kujerunsu. Kowane ɓangare ya shiga shari'ar riƙe da littattafan masana, ɗaya na cewa kakanninsa abokan yaƙi ne, ɗaya na cewa bayi ne ko maƙwabta, kuma takardun da dukansu ke jayayya a kai su ne dai na Jesup da Sprague da wakilan gwamnatin da suka zo kwashe kakannin nasu gaba ɗaya.